Ciwo uku da ake karantawa a fuskar yaro

 

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso da Yamai, da duk inda muryarmu take kaiwa. Muna gaida malamai masu kula da azuzuwa. Ku matso kusa da rediyo. Wanda ya zo da littafin rubutu da alƙalami ya buɗe, gama yau akwai abin rubutawa.

Darasinmu na yau a kan lafiyar yara ƙanana ne.

Akwai cututtukan da kowa ya sani. Zazzaɓin cizon sauro, zawo, tari, da ƙyanda wadda wasu ke kira dussa. Waɗannan kullum muna tare da su. Uwa tana ganinsu ta gane su.

Amma akwai waɗansu da ba a cika ganinsu ba. Mutum yana iya tsufa a garinsu bai ga irinsu ba sai sau ɗaya, ko ma bai taɓa gani ba. To, a nan haɗarin yake. Abin da ba a saba gani ba, ba a gane shi da wuri. Sai a ce iska ce. Sai a ce sammu ne, ko kambun baka. Ana ta neman wanda ya yi, kwanaki suna ta wucewa, ciwo yana ta cin yaro.

Yau za mu yi magana a kan uku daga cikinsu. Ɗaya a baki yake farawa. Ɗaya a muƙamuƙi. Ɗaya a ido. Duka ukun suna kisa in an bar su. Duka ukun suna da magani in an zo da wuri. Kuma duka ukun suna nuna alamarsu a fuskar yaro, inda uwa da uba za su gani da idonsu, ba sai da na'ura ba.

Ku tuna ranar da kuka fara shiga aji. Takarda ba ta ce muku kome. Yau kuwa kuna duba ta, tana yi muku magana. Haka fuskar yaro take. Akwai abin da ke rubuce a kanta, kuma yau za mu koyi karanta shi.

CIWO NA FARKO: NOMA

Malam, a rubuta wannan kalma a allo: noma.

Mun san wasu sun yi dariya. A'a, ba noman gero ba ne, ba noman wake ba. Suna ne ya zo ɗaya. Likitoci sun ɗauko kalmar daga harshen Girka, ma'anarta cinyewa. A ƙasar Hausa wasu suna ce masa ciwon iska, wasu suna ce masa zaizayar baki.

Ciwon noma ya fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6. Ba kowane yaro yake kamawa ba. Yana neman yaron da jikinsa ya riga ya yi rauni: wanda tamowa ta kama, wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani, wanda aka yaye farat ɗaya, wanda ba a wanke masa baki.

Ga yadda abin yake. A bakin kowane mutum akwai ƙwayoyin cuta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In jiki yana da ƙarfi, ba su iya yin kome. In yunwa da ciwo sun karya ƙarfin jiki, sai su sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ciwon yana tafiya mataki mataki. Ku rubuta su.

Mataki na 1. Dasashi ya yi ja, ya ɗan kumbura. In an taɓa shi, sai ya yi jini.

Mataki na 2. Gyambo ya fito a dasashi. Baki yana wari mai ƙarfi, ba irin warin da aka saba ji ba. Miyau yana dalala. Yaro ya ƙi abinci, gama tauna tana yi masa zafi.

Mataki na 3. Kunci ko leɓe ya kumbura. Wurin ya yi zafi, ya yi tauri. Jiki ya ɗauki zazzaɓi.

Mataki na 4. Wani tabo baƙi ko mai ruwan toka ya fito a fatar kunci. Wannan alama ce naman wurin ya mutu. Ba da daɗewa ba sai ya zube, ya bar rami. Haƙora suna iya zubewa. Ƙashi ma yana iya ciwuwa.

Daga gyambon dasashi zuwa rami a fuska, sau da yawa ba a cika mako 2 ba. Ku lura da wannan ƙwarai. Akwai ciwon da ke ba mutum lokaci. Noma ba ya bayarwa.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta yi ƙiyasi a shekara ta 1998. Ta ce yara wajen dubu 140 ne ciwon ke kamawa kowace shekara a duniya. Ta ce in ba a yi magani ba, cikin yara 10 da ya kama, wajen 9 suna mutuwa. Yawancinsu suna cikin ƙasashenmu na kudu da hamada.

Kada wani ya ce wannan ciwon baƙar fata ne. A da can an yi shi a Turai. Da abinci ya wadata, tsabta ta ƙaru, magani ya samu, sai ya ɓace. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya sake fitowa a sansanonin da aka tsare mutane cikin yunwa. Ashe ke nan ciwon yunwa ne da rashi. Ba na iska ba ne. Kuma ba a ɗaukarsa daga wani yaro zuwa wani.

Yaya likita yake gane shi? Zai buɗe bakin yaro ya duba da fitila. Zai tambayi ranar da abin ya fara. Zai auna nauyin yaro, ya auna dantsensa. Zai ɗan tsaga yatsa ya duba ko akwai zazzaɓin cizon sauro, ya duba ko jini ya yi ƙasa.

Mene ne maganinsa? Abu uku ne, kuma tare suke tafiya.

Na ɗaya, maganin kashe ƙwayoyin cuta. An fi ba da iri biyu tare, amoksisilin da metronidazol, har kwana 14. Likita ne zai faɗi yawan da za a ba yaro, bisa nauyinsa. Ko yaro ya ji sauƙi a kwana na 4, kada a daina. A cika kwanakin.

Na biyu, wanke baki. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce, a sa ɗan gishiri, kamar rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya. A wanke hannu da sabulu. A tsoma ƙyalle mai tsabta a goge dasashi a hankali, sau da yawa a yini.

Na uku, abinci mai gina jiki da ruwa mai tsabta. In tamowa ta yi tsanani, likita zai ba da abincin tamowa na leda, ko ya kwantar da yaro.

In an kama ciwon a mataki na 1 ko na 2, yaro yana warkewa, fuskarsa ba ta taɓuwa. In kunci ya riga ya kumbura, to, gaggawa ce, sai an kwantar da shi a asibiti. In nama ya riga ya mutu, ana iya ceton ran yaro, amma naman da ya zube ba ya dawowa da kansa.

GIDA BIYU

Bari mu ba da misali, don abin ya zauna.

Ga gida biyu. Kowane yana da yaro mai shekara 3. Yaran nan biyu sun yi ƙyanda watan da ya wuce, sun rame. Ran Lahadi kowace uwa ta ji bakin ɗanta yana wari, ta ga ya ture kwanon tuwo.

A gida na farko, uwa ta gaya wa maigida. Ya ce: “Zafi ne, zai wuce. Bari ranar kasuwa in sayo ƙwaya.” Ranar kasuwa ta zo, ya sayo ƙwaya huɗu wajen mai talla. Ran Alhamis kunci ya kumbura. Tsofaffi suka ce iska ce, aka yi turare, aka shafa magani. Da Lahadi ta zagayo, sai ga baƙin tabo. Sannan aka ɗaura amalanke. An kai yaro da ransa, likitoci sun yi ƙoƙari, ya rayu. Amma rabin leɓensa ya tafi.

A gida na biyu, uwa ta fito da yaro cikin haske. Ta ɗaga leɓensa, ta ga gyambo a dasashi. Ta rubuta a littafinta: “Lahadi, wari da gyambo.” Ba ta jira kasuwa ba. Ta goya shi, ta tafi gidan likita a ranar. Aka ba ta magani. Kowace safiya da maraice, in ta ba shi, sai ta yi zane ɗaya a littafin. Da kwana 14 suka cika, yaro yana cin tuwonsa, ba tabo ko ɗaya.

Duka iyayen nan suna son ƴaƴansu. Ba wanda ya fi wani. Abin da ya raba su kwana 7 ne kawai.

CIWO NA BIYU: KUMBURIN MUƘAMUƘI

Ciwo na biyu shi ma yana kumbura fuska, amma shi ba noma ba ne. Ciwon daji ne, wato sankara. Likitoci suna kiransa ciwon Barkit. Sunan wani likita ne mai fiɗa, Denis Burkitt, mutumin ƙasar Ailan. A Yuganda ya yi aiki. Ya ga yara da yawa masu kumburin muƙamuƙi iri ɗaya, ya rubuta bayaninsu a shekara ta 1958.

Ciwon ya fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Ya fi kama yara masu shekara 4 zuwa 7, kuma maza sun fi mata.

Yaya za mu bambanta shi da noma? Noma yana farawa da gyambo da wari. Shi wannan daga cikin ƙashi yake tasowa. Muƙamuƙi ya kumbura, ya yi tauri. Da farko sau da yawa ba ya zafi sosai. Haƙoran wurin suna girgiɗi, suna kaucewa daga layinsu. Wani lokaci yana turo ido waje. Wani lokaci kuma ba a fuska yake fitowa ba, ciki ne ke kumbura. Kuma yana girma da sauri ƙwarai. Kumburin da ke kamar goro yau, bayan ƴan kwanaki sai ya zama kamar lemo.

Kada a yi masa sakiya, ba ƙurji ba ne. Kada a yi ƙaho, kada a cire haƙori. Duk wannan ƙara wa yaro wahala ne da ɓata lokaci.

A babban asibiti, likita zai ɗebo ɗan abin da ke cikin kumburin da allura, ko ya yanko ɗan kaɗan. Za a duba shi da madubin likita. Za a ɗauki hoton ciki. Da haka ake tabbatar da sunan ciwon.

Maganinsa ta jijiya ake sa shi, kamar ƙarin ruwa, sau da yawa, cikin watanni. Yana da ƙarfi. Yaro yana iya yin amai, gashinsa yana iya zubewa, amma gashi yana sake fitowa. Ciwon yana jin magani da sauri. Bayan zagaye na farko kumburi yana iya narkewa har uwa ta ce an gama. A nan ne iyaye da yawa suke kuskure. Sai su koma gida, ba su dawo ba. Ciwon kuwa yana nan a ɓoye, kamar saiwar da ba a tumɓuke ba. In ya dawo, ya fi wuyar magani. Sai likita ya ce an gama, sannan an gama.

CIWO NA UKU: FARI A CIKIN IDO

Ciwo na uku a ido yake. Shi ma ciwon daji ne. Sunansa a wurin likitoci retinobilastoma. Sunan yana da tsawo, ba dole ku riƙe shi ba. Alamarsa za ku riƙe.

Cikin jarirai dubu 15 zuwa dubu 20, ɗaya ne yake samunsa. Kusan kullum kafin shekara 5 yake bayyana, sau da yawa ma kafin shekara 3.

Ku dubi idon wanda ke zaune kusa da ku. A tsakiya akwai ɗan baƙin da'ira. Ta nan haske yake shiga. Ga mai lafiya, wurin baƙi ne ƙirin. Ga yaron da ke da wannan ciwo, wani fari yana haskowa daga ciki, kamar idon kyanwa da dare in an haska mata fitila. Ba kullum ake ganinsa ba. An fi ganinsa da magariba, ko in an haska tocila, ko a hoton salula da aka ɗauka da haske. Wannan ba hakiya ba ce. Hakiya a bisa ido take. Wannan daga can ciki yake.

Alama ta biyu: ido ɗaya ya kauce, yaro ya zama harara-garke alhali da ba haka yake ba.

Da farko yaro ba ya jin zafi. Yana wasa, yana dariya. Shi ya sa ake sakaci. In an daɗe, ido zai yi ja, ya kumbura, ya fito waje. Daga nan ciwon yana bin jijiyar ido ya shiga ƙwaƙwalwa.

Ba kowane fari ne ciwon daji ba. Wani yana ce, wadda ake haihuwar yaro da ita. Amma ita ma tana son likita da wuri. Don haka kada a ɗiga nono, kada a ɗiga ruwan ganye, kada a ƙara kwalli. A kai yaro wajen likitan ido. Zai ɗiga wani magani da ke buɗe baƙin ido, ya leƙa ciki da fitilarsa. Wani lokaci sai an sa yaro barci don a duba da kyau.

In ciwon ƙarami ne, ana iya ceton idon. In ya girma, likita zai ce a cire idon don a ceci rai. Magana ce mai nauyi, mun sani. Amma idon da ciwon ya cika ya riga ya daina gani. Ana sa wa yaro idon roba a madadinsa. Da ido ɗaya yana karatu, yana noma, yana kiwo, yana aure. A ƙasashen da ake kai yara da wuri, fiye da 9 cikin 10 suna rayuwa.

Wani lokaci ana gadon ciwon, kuma yana iya kama ido biyu. In an same shi ga yaro ɗaya, a kai ƙannensa a duba su.

HANYAR ZUWA LIKITA

Yanzu mun san alamu. Saura hanya.

A fara da gidan likita mafi kusa, wanda ake kira CSI. In malamin asibiti ya duba yaro ya ce: “Wannan ya fi ƙarfin nan, ku wuce gaba,” ba korarku ya yi ba. Gaskiya ya gaya muku. Zai ba ku takarda zuwa asibitin gunduma, ko na jiha, ko babban asibitin ƙasa na Damagaram ko na Yamai. Ku adana takardar nan cikin leda, tare da karnen yaro. Ku tafi ranar da aka ce.

Akwai wuraren da suka ƙware. A Damagaram, wata ƙungiya ta ƙasar Suwis mai suna Sentinelles ta fara kula da yara masu noma tun shekara ta 1992. A Yamai, wata ƙungiya ta Jamus mai suna Hilfsaktion Noma ta buɗe asibiti don wannan ciwo. A maƙwabta, a Sakkwato, an buɗe asibitin yara masu noma a shekara ta 1999. A watan Disamba na 2023, OMS ta sa noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci, don a ƙara ba shi kula. A Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, wadda ta fara aiki da na'urar gasa ciwo a shekara ta 2021.

A nan ne karatunku zai yi muku rana. Kafin ku tashi, ku rubuta abu huɗu: ranar da kuka fara ganin alama, abin da kuka gani, ciwon da yaro ya yi kwanan baya, da duk maganin da aka riga aka ba shi. Ku faɗi gaskiya, ko na boka ne, ko na kasuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In likita ya rubuta magani, ku ce ya maimaita muku: sau nawa a yini, kwana nawa, yaushe za a dawo. Ku rubuta da hannunku. Matambayi ba ya ɓata.

Sai maganar kuɗi. A shekara ta 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati. Ku tambayi malamin asibitinku abin da ke cikin wannan tsari. Amma kuɗin mota da na abinci a hanya suna kan iyali. Kada a bari sai ciwo ya zo sannan a fara neman bashi. Mata da yawa suna cikin ƙungiyoyin asusu, irin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a shekara ta 1991. Kowace ƙungiya tana iya ware ɗan abu don tafiyar gaggawa. Maza ma su yi shawara da maigari: wa ke da amalanke, wa ke da babur, wa za a tasa ko da tsakar dare ne?

Magidanta, wannan taku ce. Da yawa cikinku kuna tafiya cin rani bayan girbi. Kafin ku tafi, ku ba da izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarku da ƴan'uwanku. Ku ce: “In yaro ya nuna alama, a kai shi likita, kada a jira ni.” Wannan magana ba ta cin ko dala, amma tana iya ceton ɗanku.

Masu maganin gargajiya da wanzamai da ungozomomi, ku ma muna gaishe ku. Wurinku mutane suke fara zuwa. In kun ga ɗaya cikin alamun nan, ku ce wa iyaye su wuce likita a ranar. Mutuncinku ƙaruwa zai yi.

RIGAKAFI

Ciwon ido ba a iya hana shi zuwa, sai dai a gane shi da wuri. Amma noma ana iya tare masa hanya.

A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6. Daga nan a ƙara da abinci, a ci gaba da nono har shekara 2. A yi yaye sannu sannu, ba rana ɗaya ba. Kunun gero kaɗai ba ya isa. A ƙara masa garin ƙuli-ƙuli, ko wake, ko nono, ko ƙwai, ko garin busasshen kifi, da ganyen zogale. A ba ƙaramin yaro kwanonsa shi kaɗai, don manya kada su riga shi.

A yi masa allurar ƙyanda a wata 9, a maimaita ta bayan ya shekara. Ya kwana cikin gidan sauro. Da damina a karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara wata wata. Uwar da ke da igiyar awon dantse ta riƙa aunawa. In ta nuna ja ko ruwan ɗorawa, a tafi likita.

A wanke bakin yaro kullum, da ƙyalle mai tsabta in ƙarami ne, da asuwaki mai taushi in ya girma. Kuma sau ɗaya a mako, a ranar da kuka zaɓa, a fito da shi cikin haske. A ɗaga leɓe, a duba dasashi. A shafa muƙamuƙi. A dubi tsakiyar ido. In yana kwance da ciwo ko ya rame, a duba bakinsa kowace rana.

WAƊANDA SUKA RAYU DA TABO

Wataƙila a garinku akwai yaro, ko ma babba, da noma ya taɓa fuskarsa. Wani muƙamuƙinsa ya ɗaure, bakinsa ba ya buɗewa. Wani ba ya iya magana sosai. Wani an ɓoye shi a ɗaki don kunya.

Jama'a, ba laifinsa ba ne, ba laifin uwarsa ba ne. Ba ya sa wa kowa ciwo. A ci abinci tare da shi, a bar shi ya yi wasa, a sa shi makaranta. Kuma ku sani ana gyara fuska. Bayan gyambo ya warke sarai, likitoci masu fiɗa suna ɗauko fata da nama daga wani wuri na jikinsa su rufe ramin. Suna sakin muƙamuƙin da ya ɗaure, su koya masa motsa baki. Ko tabon ya yi shekaru, a kai shi a duba. Ku gaya wa malamin asibiti, shi zai nuna hanya.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Malam, a rubuta a allo, kowa ya kwafa:

1. Baki mai wari, dasashi mai jini ko gyambo: likita yau.
2. Kunci ko muƙamuƙi ya kumbura: likita yau.
3. Fari a tsakiyar ido, ko ido ya kauce: likitan ido cikin makon nan.
4. Ba sakiya, ba ƙaho, ba ƙwayar kasuwa.
5. A cika magani har likita ya ce an gama.

TAMBAYOYI

In an kashe rediyo, kada a watse. Ku tattauna a kan waɗannan:

Da wane suna ake kiran ciwon noma a garinku?

Kilomita nawa ne daga garinku zuwa gidan likita mafi kusa? Da me ake zuwa da damina?

In maigida ba ya nan, wa ke ba da izinin kai yaro likita?

Aikin gida: yau kafin rana ta faɗi, kowa ya duba bakin yara ƙanana na gidansa da idonsu. Ya rubuta ranar, da sunan kowane yaro, da abin da ya gani. Ya zo da shi aji.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba, a rijiya, a kasuwa, a wurin suna. Ɗa na kowa ne.

A nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.